Zama Idon Alƙali da Bakin Yaro a Kotunan Amurka: Jagorar Aikin Sa Kai na CASA

Ranar da na fara zuwa ganin yarinyar da kotu ta haɗa ni da ita, na tarar da ita zaune a bakin gado, kayanta kaf a cikin baƙaƙen ledojin shara guda biyu, an ƙulle bakinsu. Shekararta tara. Gida na uku ke nan da aka kai ta cikin wata biyar. Na ce mata ko in taya ta jera kayan a durowa, ta girgiza kai, ko kallona ba ta yi ba. Sai da na koma mota na gane dalili: ba ta ga amfanin kwance ledar da gobe za a ce ta sake ɗaurewa ba.

A cikin wata biyar ɗin nan an sauya mata makaranta, an sauya jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinta, an raba ta da ƙaninta. Kowa ya zo ya wuce. Aikin da zan yi bayani a kai na mutum ɗaya ne da ba ya wucewa, wanda yake zuwa duk wata ya ga yaro da idonsa, sannan ya tsaya gaban alƙali ya faɗi abin da ya gani. Na rubuta wannan ne domin 'yan'uwa Hausawa mazauna Amurka, saboda mu kaɗan ne ƙwarai a wannan aiki alhali ana bukatarmu. Duk labarin yaron da na kawo, na sauya abin da zai sa a gane shi, domin amana ce.

Inda abin ya samo asali

A shekarar 1977 wani alƙali a birnin Siyatul na jihar Washinton, David Soukup, ya damu da yadda yake yanke hukunci kan rayuwar yara da ɗan guntun bayani. Lauyan gwamnati ya yi magana, lauyan iyaye ya yi magana, amma babu wanda ya zauna da yaron har ya san halin da yake ciki. Sai ya nemi mutanen gari su sa kai, a horar da su, su riƙa binciko masa gaskiyar lamari. Daga nan aka samu CASA, wato masu kare muradin yaro waɗanda kotu ke naɗawa. An kafa ƙungiyar ƙasa baki ɗaya a 1982. Yau akwai ɗaruruwan shirye-shiryen CASA a kusan duk jihohin Amurka da babban birnin ƙasar. A wasu jihohi, irin su Fulorida da Karolina ta Arewa, sunan GAL, wato wakilin yaro a shari'a, ake kiran masu wannan aiki da shi, don haka ka nemi sunayen biyu.

Tun 1974 dokar tarayya da ake kira CAPTA ta shardanta wa jihohi cewa duk yaron da shari'ar cutarwa ko sakaci ta kai gaban kotu a naɗa masa wakili mai duba maslaharsa. A wani wuri lauya ne, a wani wuri ɗan sa kai ne, a wani wuri su biyu suke aiki tare. Ɗan sa kai ba a biyansa ko sisi.

Mataki na 1: Fahimci tafarkin da yaron yake bi

Kafin ka cike kowane fom, ka san rijiyar da za ka leƙa. Malama ko likita ko maƙwabci ya kira hukumar kare yara. A yi bincike. In an ga akwai haɗari, a ɗauke yaron, kuma cikin 'yan kwanaki kaɗan, sau da yawa uku, alƙali ya zauna ya duba ko a mayar da shi gida ko ya ci gaba da zama a gidan riƙo ko wurin dangi. Sannan a rubuta wa iyaye sharuɗɗa: maganin shaye-shaye, darasin tarbiyya, neman matsuguni, ziyarar yaro a gaban mai sa ido. Ana sake duba shari'ar aƙalla duk wata shida, kuma cikin wata 12 a yi zaman da zai tsayar da makomar yaron ta dindindin.

Ga wurin da namu suka fi yin kuskure. A gida mun san riƙo: yaro ya tashi a hannun gwaggo ko kawu shekara goma, amma uwarsa tana nan a matsayin uwa, ubansa uba. A Amurka akwai agogo da ke bugawa. Wata dokar tarayya ta 1997 ta ce in yaro ya yi wata 15 cikin 22 na baya-bayan nan a gidan riƙo, hukuma ta nemi kotu ta yanke haƙƙin iyaye gaba ɗaya, sai in akwai dalili karɓaɓɓe kamar kasancewarsa a hannun dangi. In aka yanke, galibi an yanke ke nan. A idon doka ba ɗansu ba ne kuma, wasu na iya ɗaukarsa a matsayin ɗa. A cikin wannan agogo kake aiki, don haka duk watan da ka yi sakaci, wani ne ya yi asara.

Yara sama da 300,000 ne ke zaune a gidajen riƙo a Amurka a kowane lokaci. Kuma akasarin waɗanda aka tabbatar an cutar, wajen kashi uku cikin huɗu, sakaci ne matsalarsu, ba duka ko fyaɗe ba. Ka riƙe wannan a ranka, za mu dawo kansa.

Mataki na 2: Auna kanka

Sai ka kai shekara 21. Ba a neman digiri ko sanin shari'a. Abin da ake nema shi ne ka iya karanta Turanci ka rubuta rahoto da shi, ka sami kamar awa goma zuwa goma sha biyar a wata, kuma ka yarda za ka tsaya har a rufe shari'ar, wadda takan kai shekara ɗaya da rabi ko fiye. Zaman kotu da rana ake yi a ranakun aiki, saboda haka ka tuntuɓi wurin aikinka tun da wuri. In kana shirin ƙaura zuwa wata jiha, ko tafiya gida ta wata huɗu, ka dakata har ka dawo. Gara yaro ya jira ɗan lokaci da ya saba da kai ka ɓace masa kamar sauran.

Mata ne suka fi yawa a aikin nan nesa ba kusa ba. Yara maza matasa kuwa sun cika gidajen riƙo, da yawansu ba su taɓa ganin namiji babba da ya ce zai zo ranar Asabar kuma ya zo ba. Maza, wannan kira gare ku ne.

Mataki na 3: Nema da tantancewa

Ka shiga shafin intanet na ƙungiyar CASA ta ƙasa, ka nemo shirin da ke gundumarka. Yawancinsu suna yin taron bayani na awa ɗaya, ka halarta. Bayan fom akwai hira ido da ido, da sunayen mutanen da za su shaidi halinka waɗanda ba danginka ba, galibi uku. Za a ɗauki hoton yatsunka, a duba tarihinka wajen 'yan sanda da rajistar masu cutar da yara. A hirar za a tambaye ka yadda aka tarbiyyantar da kai da ra'ayinka kan dukan yaro. Ka faɗi gaskiya. Da yawanmu mun sha bulala a gida da makarantar allo, kuma faɗin haka ba zai hana a ɗauke ka ba. Abin da suke so su gani shi ne ko ka san ma'aunin dokar ƙasar da kake ciki kuma za ka yi aiki da shi.

Mataki na 4: Horo da rantsuwa

Horon farko awa 30 ne, yawanci da yamma ko ƙarshen mako, wani sashe ta kwamfuta. Ana koyar da dokokin jiharka, yadda firgici da rabuwa ke sauya halin yaro, shaye-shaye, taɓin hankali, rikicin ma'aurata, da rubuta rahoto. In an ba ka damar zuwa kallon zaman kotu, kada ka bari ta wuce. Bayan ka gama, alƙali ya rantsar da kai. Kowace shekara kuma akwai ƙarin awa 12. Za a haɗa ka da ma'aikacin shirin da zai zama jagoranka, shi ne zai duba rahotonka kuma shi za ka kira in ka rasa yadda za ka yi.

Mataki na 5: Karɓar shari'a

Jagoranka zai kawo maka shari'a ɗaya, yaro guda ko 'yan uwa ciki ɗaya. Kana da ikon cewa wannan ta fi ƙarfinka. Abu na farko da za ka duba shi ne ko ka san iyalin. Al'ummarmu a garuruwan Amurka ƙarama ce, masallaci ɗaya, coci ɗaya, shagon kayan miya ɗaya. In ka san uwar yaron ko kuna haɗuwa da kawunsa a taron 'yan gari, ka faɗa nan take ka janye. Ba za ka iya yin adalci ba, kuma ko ka yi, ba za a yarda ba.

In ka karɓa, za a ba ka takardar umarnin kotu mai ɗauke da sunanka. Ita ce mabuɗinka. Da ita makaranta za ta nuna maka sakamako da rajistar zuwa, asibiti ya nuna maka takardun lafiya, hukuma ta buɗe maka fayil. Ka yi kwafi da yawa ka ajiye a mota. Ka karanta fayil ɗin daga farko har ƙarshe, ka jera abubuwan da suka faru bisa kwanan wata a littafinka. Amma ka tuna mutane ne suka rubuta shi cikin gaggawa. Na taɓa ganin kuskure ɗaya da aka yi ta kwafa daga rahoto zuwa rahoto har ya zama kamar gaskiya.

Sirri kuma wajibi ne. Ba matarka, ba mijinki, ba aminiya a wurin suna, ba rukunin WhatsApp, ko da da niyyar neman addu'a ce.

Mataki na 6: Ziyara, wadda ita ce zuciyar aikin

Ƙa'ida ita ce ka ga yaron ido da ido aƙalla sau ɗaya a wata, a inda yake kwana. A zuwan farko kada ka ɗauki biro ka fara jero tambayoyi. Yaron nan 'yan sanda sun tambaye shi, likita ya tambaye shi, jami'ai sun tambaye shi. Kai ba ka zo binciken laifin da aka yi masa ba, kuma tona masa miki na iya ɓata shari'a. Ka zo da kati ko fensirin kala, ka zauna ƙasa in a ƙasa yake. Ka gaya masa ko kai wane ne cikin kalmomi kaɗan: "Aikina in san yadda kake, in gaya wa alƙali abin da kake bukata da abin da kake so. Ba biyana ake yi ba, ni na zaɓi in zo." Wannan jimla ta ƙarshe takan sa manyan yara su ɗago kai.

Ka kuma gaya masa tun farko cewa ba za ka iya ɓoye abin da ya shafi lafiyarsa ba. In ya faɗa maka wani yana cutar da shi yanzu, ranar nan za ka kira layin hukumar kare yara, ka kira jagoranka.

Sai ka buɗe ido. Ina gadonsa? Takalminsa ya matse shi? Yana da tabarau a fayil amma babu a fuskarsa? Yarinyar nan mai ledoji, a zuwana na biyu na lura gashinta ya dunƙule ya fara karyewa. Masu riƙonta mutanen kirki ne, sai dai ba su taɓa kula da gashin baƙar fata ba, kuma kunya ta hana su tambaya. Yara suna yi mata dariya a makaranta, shi ya sa take cewa cikinta na ciwo kowace safiya. A fayil an rubuta tana ƙin makaranta. Magana ɗaya da jami'arta, aka samo mai kitso. Babu lauyan da zai ga wannan daga ofis.

Bayan yaron, ka ji ta bakin kowa: masu riƙo, malamai, likita, mai ba shi shawara, jami'ar walwala, iyaye, kakanni. Wajen iyaye ka bi ƙa'idar shirinku, domin a wasu wurare sai an sanar da lauyansu. Ka gaishe su da mutunci. Mutumin da aka ƙwace wa ɗa yana cikin ranar da ta fi kowace muni a rayuwarsa, ko da shi ya jawo. Ka tambaye su dangi: wa yaron yake zuwa wurinsa hutu, wa yake kira in ya ji tsoro? Wata dokar tarayya ta 2008 ta wajabta wa hukuma sanar da dangi cikin kwana 30 da ɗauke yaro, ta kuma yi ƙoƙarin haɗa 'yan uwa a gida ɗaya, amma jami'ar da ke riƙe da shari'u barkatai ba koyaushe take samun lokacin tono inna da ke wata jiha ba. Kai mai shari'a ɗaya kana da lokacin.

Akwai iyakoki. Kada ka kai yaro gidanka. Kada ka ba iyalin kuɗi ko babbar kyauta. Kada ka ɗauke shi a motarka sai in shirinku ya yarda a rubuce. Kada ka mayar da ziyara wurin wa'azi, kowane addini yake bi, sai dai ka kare masa nasa. In yaro Musulmi ne aka kai shi gidan da ake cin naman alade, ko yana so ya yi azumi, ko Kirista ne da ya saba zuwa coci, ka rubuta wa alƙali. Sannan kada ka yi alkawari. Na taɓa ce wa wani yaro ɗan shekara bakwai in Allah ya so zai koma gida kafin hutun makaranta, don na ga uwarsa tana cika sharuɗɗa. Aka ɗage shari'ar wata uku. Da na je, abin da ya fara ce mini shi ne, "Ai an yi hutun." Har yau yana ci mini rai. Alkawarin da kake da iko a kansa ɗaya ne: ranar da za ka dawo.

Mataki na 7: Raba talauci da al'ada daga cutarwa

Nan ne dalilin da ya sa nake roƙon namu su shigo. Baƙaƙen yara kusan kashi 14 cikin ɗari ne na yaran Amurka, amma sun haura kashi 20 na waɗanda ke gidajen riƙo. Masu sukar CASA suna cewa yawancin 'yan sa kai fararen fata ne masu rufin asiri, kuma sukan auna gidan talaka da ma'aunin gidansu. Akwai gaskiya a sukar, kuma maganinta shi ne a sami idanu iri-iri.

Kai ka san yara huɗu a ɗaki ɗaya ba sakaci ba ne. Katifa a ƙasa ba sakaci ba ce. Yaron da ya sunkuyar da kai gaban babba ladabi yake yi, ba lallai tsoro ba ne. Cin abinci da hannu a kwano ɗaya, tabon ƙaho a baya, shasshawa a fuskar uwa, kaka ce ke da ta cewa a gida, duk ka san su. Firij babu komai a ƙarshen wata tambaya ce ta ina za a samo tallafin abinci, ba hujjar raba uwa da ɗa ba.

Amma al'ada ba ta zama mafaka ba. Dukan da ya bar shati ko ya fasa fata, ƙuna da sunan horo, hana abinci, barin 'yar shekara shida da jariri har dare, taɓa yarinya, kaciyar mata wadda laifi ce a dokar tarayya, waɗannan cutarwa ne ko da wanda ya aikata yana jin yarenka yana kiranka ɗan'uwa. In ka ji zuciyarka tana neman rufa wa babba asiri, ka tuna don ƙaramin aka rantsar da kai.

Mataki na 8: Rahoto

Kafin kowane zama za ka rubuta rahoto, jagoranka ya duba, a miƙa wa kotu da lauyoyi kafin ranar da aka ƙayyade. Ka rubuta bayanan kowace ziyara a ranar da ka yi ta, da kwanan wata da sunan wanda ya faɗi magana, don ƙwaƙwalwa tana yaudara.

Ka rubuta abin da ka gani, ba abin da ka ji a ranka ba. Kada ka ce uwar ba ta damu da 'ya'yanta ba. Ka ce an tsara ziyara takwas, ta zo biyar, ta ce ukun da ta rasa sun faɗo lokacin aikinta, kuma ka ga jadawalin aikin. Sannan ka ba da shawarar da alƙali zai iya mayarwa umarni: a mayar da ziyara ranar hutunta, a gwada idon yaron cikin kwana 30, a haɗa shi da ƙanwarsa sau biyu a wata, makaranta ta tantance ko yana bukatar tsarin karatu na musamman. Ka ambaci ƙoƙarin iyaye kamar yadda ka ambaci gazawarsu.

Wani lokaci abin da yaro yake so ya saɓa da abin da kake ganin shi ne maslaharsa. Yana so ya koma wurin uban da bai daina shaye-shaye ba. Ka rubuta duka biyun, nasa da kalmominsa, naka da dalilanka, kuma ka gaya masa kafin ranar kotu. Kada ya fara ji a bakin wani.

Mataki na 9: Ranar kotu

Ka isa da wuri, da shiga ta kamala, da rahotonka da littafinka. Za ka iya jiran awa biyu a baranda saboda zaman minti goma sha biyar. Wannan jiran ma aiki ne, nan ake jin sabon labari. In alƙali ya waiwayo gare ka, ka miƙe, ka girmama kujerarsa, ka faɗi abu biyu ko uku da suka fi muhimmanci ka zauna. Lauyan iyaye na iya yi maka tambayoyi masu zafi, aikinsa yake yi. Abin da ba ka gani ba ka ce ba ka gani ba. Alƙali yana iya ƙin shawararka. Ka rubuta umarnin da ya bayar, domin daga gobe aikinka shi ne bin sawu: an yi gwajin idon? An kira innar? Ka kira, ka sake kira, cikin ladabi, har a yi.

In ka fara kasa barci, ko kana ɗaukar fushin shari'a zuwa gidanka, ka gaya wa jagoranka. Sun san wannan nauyi kuma suna da hanyar taimako.

Mataki na 10: Rufe shari'a

Shari'a takan ƙare da ɗayan huɗu: yaro ya koma wurin iyayensa, wanda shi ne abin da ake fara nema in babu haɗari, ko dangi su karɓi riƙonsa a hukumance, ko wasu su ɗauke shi ɗa, ko ya kai shekara 18, a wasu jihohi 21, ya fita daga tsarin. In naka matashi ne mai shirin fita, ka tabbata yana da takardar haihuwa, katin shaida, inshorar lafiya, da wurin kwana a daren farko.

Da alƙali ya rufe fayil, naɗinka ya ƙare. Ka mayar wa ofis duk takardu, ka goge abin da ke wayarka. Ci gaba da zumunci ya danganta da ƙa'idar shirinku da yardar masu riƙon yaron. Ka fara shirya shi tun saura ziyara biyu, ka gaya masa ranar ƙarshe da bakinka, ka je ranar, kada ka yi sallama ta waya. Yarinyar nan innarta ce ta karɓe ta tare da ƙaninta. Kafin ranar tafiya na roƙi ofishinmu su samo mata akwati daga kayan da jama'a ke bayarwa, aka samu shuɗi mai taya, muka zauna a ƙasa ni da ita muka ninke kayan ɗaya bayan ɗaya.